Yini guda daga Jamestown zuwa Yorktown: abin da dala 110 ta saya mini

A watan Agustan da ya wuce na je ganin jikoki a jihar Bajiniya ta Amurka, na yi mako shida a gidan 'yata a Richmond. Surukina ya san na yi shekara 31 ina koyar da tarihi a makarantun sakandare kafin in ajiye alli, sai ya yi mini goma ta arziki. Ya saya mana kujera biyu, ni da 'yata, a motar wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido da ke kai mutane Jamestown da Williamsburg da Yorktown a yini guda. Dala 110 kowane mutum, har da kuɗin shiga da abincin rana. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yi musu ƙorafi. Amma tun daga farko in faɗa: kuɗin bai tafi a banza ba, kuma mace ɗaya ce ta sa bai tafi a banza ba.

An ce mana ƙarfe bakwai da rabi, motar ba ta iso ba sai takwas da kwata, direban kuma ko haƙuri bai ba mu ba. Bas ce mai cin mutum 14, mu 11 ne a ciki, na'urar sanyinta ba ta kai kujerun baya, inda rabonmu ya faɗa. Wanda bai taɓa shiga zafin gaɓar Bajiniya a Agusta ba, ya ƙaddara zafin Lakwaja ne lokacin da hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Mintin 45 ɗin nan da aka ɓata da safe shi ya bi mu har yamma, kowane zango ana gutsure masa.

Jagorarmu baƙar fata ce 'yar Amurka, ta haura shekara sittin, ita ma tsohuwar malamar makaranta. Ba ta riƙe takarda, ba ta ɗaga murya. Tun a mota ta raba mana wurare biyu da baƙi ke haɗawa. Akwai Jamestown Settlement, gidan tarihi da aka gina don a nuna yadda rayuwar take, da jirage da ganuwa da bukkoki na kwaikwayo. Akwai kuma Historic Jamestowne, ainihin tsibirin da Turawan Ingila suka sauka, inda har yau ake tono. Tsakaninsu 'yar tafiya ce. Idan za ka sayi kujera a irin wannan mota, ka tambaya ko duka biyun suna ciki. Namu suna ciki.

Jiragen muka fara hawa. Na sha rubuta sunayensu a allo, Susan Constant da Godspeed da Discovery, amma sai da na sa ƙafa a kwaikwayon Discovery na san ban taɓa fahimtar darasin da nake koyarwa ba. Mutum 21 aka cusa a cikinsa, kuma bai kai wasu kwale-kwalen fito da na gani a Yawuri ba. Sun bar Landan a Disamba 1606, ba su ɗaure jiragensu a bakin wannan tsibiri ba sai Mayu 1607. Maza da yara maza 104 ne suka zauna, ba mace ko ɗaya. Ba gudun addini ya kawo su ba. Kamfani ne na masu hannun jari, Kamfanin Bajiniya na Landan, wanda Sarki James na Ɗaya ya ba izini a 1606, ya turo su neman zinariya da hanyar ruwa zuwa Asiya. Ba su sami ko ɗaya ba.

Abin da suka samu shi ne fadama da sauro da ruwan kogi mai gishiri-gishiri, ga fari mai tsanani da ya faɗo a daidai shekarun. Ƙasar kuma da masu ita: ƙabilu kusan 30 a ƙarƙashin sarki Powhatan, waɗanda masararsu ce ta riƙe baƙin da farko, har abin ya koma ƙwace, ya koma yaƙi. A hunturun 1609 zuwa 1610 aka tsare su cikin ganuwa, suka cinye dawakai da karnuka da ɓeraye. Da bazara ta yi, kimanin mutum 60 suka rage. A gidan adana kayan tono da ke tsibirin akwai ƙoƙon kan wata yarinya mai kimanin shekara 14, wadda masu binciken suka sa wa suna Jane, da alamun wuƙa a ƙashinta. Jagorar ta gargaɗe mu kafin mu shiga, ta ce wanda ba zai iya ba ya jira a waje. Na yaba mata wannan ladabi. 'Yata ta jira a waje.

Wurin da ya tsayar da ni, har mutanen motarmu suka wuce suka bar ni, 'yar gona ce a gefen ganuwar kwaikwayo. Kunya kaɗan ce ta taba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya noma taba a ƙauyenmu a ƙasar Zazzau lokacin ina ƙaramin yaro, kuma na fi shekara hamsin ban tsaya kusa da ita tana tsaye a gona ba. Na nemi izinin ma'aikacin wurin na murza gefen ganye ɗaya. Danƙon nan ya kama mini yatsu, warin ya daki hancina, sai ga ni a bayan Baba da asuba muna bin kunya-kunya muna ɗaga ganye muna tsince tsutsa. Wanda bai yi ba ba zai sani ba. Irin taba kamar ƙura yake, sai an yafa shi a kwami an yi ta ban-ruwa, sannan a yi dashe ɗaya bayan ɗaya. A yi noma, a karya kai kada ta yi fure, a bi 'ya'yan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye ana cirewa kowane mako, a tsinka, a shanya, a ware mai kyau da maras kyau, a ɗaure. Babu watan da take barin manomi ya miƙe bayansa. Kuma tana tsotse ƙasa, bayan 'yan shekaru sai an nemi sabon fili.

Jagorar ta dawo nemana, ta same ni ina goge yatsu da hankici. Na gaya mata dalili. Maimakon ta hanzarta ni, sai ta kirawo sauran, ta ce in bayyana musu aikin da bakina. 'Yata tana taya ni inda Turancina da kunnensu suka saɓa. Da na gama, ta ce to su riƙe abin da suka ji, domin duk abin da za mu gani har yamma daga wannan ganye ya fito. John Rolfe, wanda ya auri Pocahontas 'yar Powhatan a 1614, shi ya gwada irin taba mai daɗin sha daga yankin da Sifaniyawa ke mulki, wajen 1612. Ta karɓu a Landan, duk da Sarki James kansa ya tsane ta har ya yi rubutu yana kushe ta. Cikin 'yan shekaru har a titunan Jamestown ana shuka ta. Ta zama kuɗi: da ita ake biyan haraji da tara da albashin limamin coci. Matan da kamfani ya kawo daga Ingila don a aura, mijin yakan biya kuɗin jirginsu da laba 120 na taba, daga baya ya koma 150. Taba tana son ƙasa, tana son hannu. Ƙasar aka ƙwata daga mutanen Powhatan, abin da ya kai ga harin 22 ga Maris 1622 da Opechancanough, ɗan'uwan Powhatan, ya jagoranta, aka kashe Turawa 347 a rana ɗaya, aka shiga ramuwa ta shekaru. Saura hannu.

A tsibirin ne, cikin cocin bulo da aka gina a 1907 a kan tsohon harsashi, matar nan ta cancanci kuɗin da aka biya. Ta nuna mana iyakar cocin katako na 1617, ƙafa 50 a tsawo, 20 a faɗi, bai fi ajin da na saba koyarwa da yawa ba. A nan, ranar 30 ga Yuli 1619, Gwamna George Yeardley da 'yan majalisarsa suka zauna da wakilai 22 da aka zaɓo, bibbiyu daga matsugunai 11. Ita ce majalisar zaɓaɓɓu ta farko da Turawan Ingila suka yi a nahiyar, kuma majalisar dokokin Bajiniya ta yau daga ita take ƙirga asalinta. Kwana shida suka yi, zafi ya kwantar da wasu, ɗaya daga cikin wakilan ya mutu, suka tashi ranar 4 ga Agusta. Sun yi doka a kan maye da caca da zaman kashe wando, sun wajabta zuwa coci. Sun kuma tabbatar da farashin taba: sule uku laba ɗaya mai kyau, sule da sisi mai bi mata. Da na ji sule da sisi sai da na yi murmushi, domin da su aka biya Baba.

Wani dattijo Bature a cikinmu ya cire hularsa a wurin. Na ga girman da abin yake da shi a zuciyarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Mutane su zauna su yi wa kansu doka, ba sarki a kusa, ba ƙaramin abu ba ne a 1619. Jagorar ta bar shi ya gama. Sannan ta ce kada kowa ya fita tukuna, domin Agustan bai ƙare ba. A ƙarshen wannan watan, makonni kaɗan bayan tashin majalisar, wani jirgin 'yan fashin teku mai suna White Lion ya tsaya a Point Comfort, a bakin teku, ɗauke da 'yan Afirka. A wasiƙar John Rolfe an ce ashirin da 'yan kai ne, kuma da abinci aka musanya su. An ƙwato su ne daga jirgin bayi na Fotugal, São João Bautista, wanda ya taso daga Luwanda ta Angola da mutum kimanin 350 zai kai su Meziko. Ana kyautata zaton mutanen daular Ndongo ne. Waɗanda suka saye su kuwa, Gwamna Yeardley ne da babban ɗan kasuwar kamfani, Abraham Piersey. Wato mutumin da ya zauna da majalisar a farkon wata shi ne ya sayi mutane a ƙarshensa.

Wannan shi ne abin da na fi yaba wa hidimar. A littattafan da na koyar da su, majalisa tana babi ɗaya, bauta tana wani babin, kamar ba su san juna ba. Ita ta ƙi raba su. Ba ta zagi kowa ba, ba ta wanke kowa ba. Ta fita da mu zuwa inda gidan Kyaftin William Pierce yake, ta ce a nan wata mata mai suna Angela ta yi bauta, wadda jirgi na biyu, Treasurer, ya kawo, kuma sunanta yana cikin ƙidayar 1625. Fili ne kawai da ciyawa da allon bayani. Mun yi shiru a wurin fiye da yadda muka yi a coci.

Na tambaye ta abin da ɗalibaina suka sha tambayata: shin tun ranar farko bauta ce irin wadda aka sani daga baya? Amsarta ta gamsar da ni domin ba ta sauƙaƙa ta ba. Shekaru da dama, in ji ta, yawancin masu aikin taba talakawan Ingila ne da suka sa hannu za su yi wa mutum aiki shekara huɗu zuwa bakwai a madadin kuɗin jirgi. Wanda ya biya musu jirgin ana ba shi eka 50 a kan kowane kai, don haka mai kuɗi yana samun hannu da ƙasa a ciniki ɗaya. Wasu 'yan Afirka ma sun sami 'yanci, kamar Anthony Johnson da ya mallaki eka 250 a 1651. Amma ƙofar a hankali aka riƙa rufe ta, kuma kotu da majalisar nan ta zaɓaɓɓu su suka rufe. A 1640 barori uku suka gudu tare aka kamo su. Turawa biyu aka ƙara musu shekara huɗu, baƙin cikinsu, John Punch, aka yanke masa bauta har mutuwa. A 1662 majalisa ta ce ɗa matsayin uwarsa yake bi. A 1667 ta ce shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa. Bayan tawayen Bacon na 1676, wanda talakawan Turawa da baƙaƙe suka yi kafaɗa da kafaɗa har suka ƙone Jamestown, manyan manoma suka ƙara karkata ga sayen bayi daga Afirka. A 1705 aka tattara dokokin bauta wuri ɗaya.

Dokar 1662 ta tsaya mini a rai har cikin mota. A al'adar Ingila ɗa ubansa yake bi. Suka juya ta don ubangida ya haifi ɗa da baiwarsa, ɗan ya zama dukiyarsa, ya sayar idan ya ga dama. A wurinmu ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne, yana gado, sarakuna da yawa ta nan suka fito. Na kusa faɗin haka da alfahari, sai na tuna rinji, na tuna cucanawa da aka haifa cikin bauta suka mutu cikinta, na tuna akwai gidajen da har yau ake binciken asali kafin a ba da aure. Na faɗa mata duka biyun. Ta saurara da kyau, ta yi mini tambayoyi biyu uku, ba ta nuna ta fi ni sanin gidanmu ba.

Yanzu ƙorafi. Lokacin sayen kujera surukina ya rubuta musu cewa mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade. Da aka raba kwalayen abincin rana, burodi ne da yankan naman alade a ciki, duka 11. Direban ya ce mu zare naman mu ci burodin. 'Yata ta buɗe baki za ta yi magana, na ce mata, "Bari, uwata, ba shi ya haɗa ba." Jagorar ce ta ba mu ayaba da gyaɗar da ta zo da su don kanta, ta kuma nuna mini inuwar wata bishiya a gefen wurin ajiye motoci inda na yi Azahar. Kamfanin da ke karɓar dala 110 bai kamata ya bar wannan a wuyan ma'aikaciyarsa ba. Mun rubuta musu daga baya, amsar layi biyu suka aiko, ba su mayar da ko sisi ba.

A hanyar Williamsburg ta yi mana darasin da na so a ce na ji shi shekara talatin da suka wuce. Ta ɗaga taswirar gaɓar teku ta ce mu dubi ƙasa da ruwa kafin mu dubi mutane. A arewa, inda aka kafa Plymouth a 1620 da Massachusetts a 1630, ƙasa duwatsu ce, sanyi ya yi yawa, taba ba ta yi. Iyalai ne suka zo, suka zauna a garuruwa kusa da coci, suna kamun kifi, suna sassaƙa jirage, suna yanke al'amuransu a taron gari. A tsakiya, Niyok da Fensilbaniya, alkama ce. A Bajiniya da Meriland taba ta warwatsa mutane a bakin koguna, jirgi yana zuwa har mashigar gonar mutum ya yi lodi, don haka garuruwa ba su girma ba, mulki ya zauna a hannun manyan masu gona. A Karolina, wadda masu gonakin rake daga Barbados suka taimaka aka kafa a 1670, shinkafa ce, kuma zuwa 1708 baƙaƙe sun fi Turawa yawa. Sai ta ƙara da cewa kada mu ɗauka hannun arewa tsarkakakke ne. Massachusetts ta halatta bauta a dokarta tun 1641, kuma busasshen kifin da bai kai a kai shi Turai ba, tsibiran rake ake kai shi a ciyar da bayi, a dawo da ruwan rake a dafa giya.

Williamsburg ba mu gan ta ba, mun dai ratsa ta. Nan aka mayar da babban birni a 1699, kuma gari ne guda da aka farfaɗo da shi da kuɗin John D. Rockefeller ƙarami, yana buƙatar yini biyu. Mu awa ɗaya da 'yan mintuna aka ba mu. Mun shiga zauren majalisa da aka sake ginawa a wurin da Patrick Henry ya yi adawa da harajin hatimi da Ingila ta ɗora musu a 1765, inda Washington da Jefferson suka zauna a matsayin wakilai, dukansu masu bayi. Jagorar ta ce a jajibirin yaƙin neman 'yanci kusan rabin mutanen garin baƙaƙe ne. Ban sami shiga ko shago ɗaya na masu sana'a ba, ga maƙera ina jin bugun guduma muna wucewa.

Mun isa Yorktown, inda sojojin Ingila suka miƙa wuya a yaƙin neman 'yancin Amurka a Oktoba 1781, saura ƙasa da awa ɗaya a rufe gidan tarihin. Sauran suka nufi wajen bindigogi. Ita kuwa ta ce mini in biyo ta, akwai wanda take so in gaisa da shi. Wani ƙaramin zane ne: mutum siriri da farin rawani da farar riga, da jar jaka rataye a wuyansa irin ta ajiye rubutun Alƙur'ani. Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatanin Bundu a ƙasar Senegal ta yau, ɗan gidan malamai. Ya je bakin kogin Gambiya sayar da bayi biyu, a hanyar komawa aka kama shi aka sayar wa kyaftin ɗin da ya yi ciniki da shi. Aka kai shi Meriland wajen 1731, aka sa shi aikin taba, jikinsa ya kasa, aka mayar da shi kiwon shanu. Yakan shiga daji ya yi salla. Ya gudu, aka kulle shi, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci, wasiƙar ta faɗa hannun manya a Landan, aka fanshe shi. A can ya rubuta Alƙur'ani da ka, aka zana shi a 1733, ya koma gida a 1734. Kamanninsa sak wani malamin allo da na sani a Tudun Wada. 'Yata ta ce, "Baba, za a rufe." Na ce ta ba ni minti biyu.

Babban gibin wannan tafiya shi ne Point Comfort ba ya cikinta. An ba mu labarin wurin da kyau, amma ba a kai mu ba, alhali an sami lokacin tsayawa a shagon tsaraba sau biyu. Da ni ne mai kamfanin, da na cire Williamsburg na bar ta ta zama tafiyar wani yini, na sa Point Comfort a madadinta. Mako guda bayan nan 'yata ta kai ni da motarta. Yanzu Fort Monroe ake kiran wurin, a garin Hampton, kuma ba a biyan kuɗin shiga harabar. Akwai allon tarihi a bakin ruwa, mutane suna kamun kifi a kusa da shi. A wannan wuri dai, a Mayu 1861, lokacin yaƙin basasar Amurka, bayi uku suka tsere suka shiga sansanin sojan jihohin Arewa, Janar Benjamin Butler ya ƙi mayar da su, dubbai suka biyo bayansu.

Mai ciwon gwiwa ya sani akwai tafiyar ƙasa da yawa a tsibirin, inuwa kuma kaɗan ce. A tafi da ruwa da hula da abincin gida, a nemi kujerar gaba, a kira kamfani ta waya a tabbatar da maganar abinci kada a dogara da rubutu. Wanda ke da mota da kwana biyu, ya kai kansa ya fi, ya bi rangadin da ma'aikatan wuraren suke yi. Wanda yini ɗaya gare shi kamar ni, ya shiga irin wannan mota, amma kafin ya biya ya tambayi wane ne jagoran ranar, ya kuma tambaya ko za a tsaya a inda Angela ta zauna.